Jingar lissafin kasuwanci: burodi nawa za a sayar kafin a tashi canjaras?

'Yar Aji Ɗaya: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu lissafin kasuwanci a agaza mini, ranar Litinin za a karɓi jinga. Wani gidan burodi yana biyan naira 180,000 duk wata na haya da albashi da sauran abin da ba ya canzawa. Kowane burodi yana cin naira 700 na fulawa da sukari da yis da leda, ana sayar da shi 1,000. An ce a nemo burodi nawa zai sayar a wata ya tashi ba riba ba asara, sannan nawa zai sayar in yana son ribar 120,000. Ni na raba 180,000 da 1,000 na samu 180. Wadda muke ɗaki ɗaya a Samaru ta samu 257. Wa ke da gaskiya?

Ɗan Gyallesu: Wa alaikumus salam. Babu. Amsa 600 da 1,000. Kawo ta gaba.

Malamin Tudun Wada: Kai Ɗan Gyallesu, ranar jarrabawa kai za ka zauna mata? Ka jefa mata lamba tsirara, gobe a sauya 700 ta koma 650 ta sake dawowa nan. 'Yata, ajiye kalkuleta tukuna. Mai burodin nan ya miƙa burodi ɗaya ya karɓi dubu. A cikin dubun nan, nawa ne ya riga ya tafi tun kafin burodin ya fito daga tanda?

'Yar Aji Ɗaya: Ɗari bakwai, Malam.

Malamin Tudun Wada: Saura nawa a hannunsa?

'Yar Aji Ɗaya: Ɗari uku. Au! Wato da ɗari ukun nan zai riƙa tara kuɗin haya da albashi?

Malamin Tudun Wada: Shi ke nan. Kowane burodi 300 yake bari. Sai ya tara 300 sau nawa ta kai 180,000? Sau 600. Burodi na 601 shi ne na farko da ɗari ukunsa ta zama ta mai gida. Ke da kika raba da 1,000 kin ɗauka fulawa kyauta ake ba shi. Ƙawarki da ta raba da 700 ta raba kashe kuɗi da kashe kuɗi, lambar da ta samu ba ta nufin komai. Kashi na biyu kuma, ɗora ribar da yake so a kan 180,000, ta zama 300,000, ki raba da 300 ɗin dai, burodi 1,000. In an tambaye ki a naira, 600 sau 1,000, cinikin 600,000.

Akantan Kongo: Ƙanwata, ƙara wannan a ƙasan amsarki, lakcarori na son ganin sa: ki gwada. Burodi 600, ciniki 600,000. Kayan haɗi 420,000. Haya da albashi 180,000. A haɗa, 600,000. Saura sifiri. Da kin gwada 180 ɗinki haka da tun jiya kin ga mutumin ya faɗi da 126,000.

Sannan ga abin da ya fi ba ni sha'awa a irin wannan tambayar. A ce fulawa ta tashi, burodi ya koma cin 800 maimakon 700, farashi bai motsa ba. Ƙarin bai wuce kashi 14 da ɗigo cikin ɗari ba. Amma abin da burodi ke bari ya sauko daga 300 zuwa 200, sai ya sayar da 900 kafin ya tashi canjaras. Wato aikinsa ya ƙaru da rabi. Shi ya sa masu burodi ke rage girma ko su ƙara kuɗi da zarar fulawa ta motsa, mutane na ta zaginsu.

Hajiyar Sabon Gari: Ni dai ina karantawa ina dariya. Ban yi jami'a ba, amma tun kafin a haifi wasunku nake zaune a shago. Wannan gidan burodin a ina yake, da duk burodin da aka gasa sai an saye shi? Ba wanda ya ƙone, ba wanda ya kwana, ba ɗan talla da ya tafi da na mutane ya ce sai gobe? Kuma dizal fa? Watan da aka kawo wuta da watan da ba a kawo ba kuɗinsu ɗaya ne?

Ɗan Gyallesu: Hajiya, jinga ce fa, ba gidan burodi za ta buɗe ba.

Hajiyar Sabon Gari: To in ba za ta yi aiki da shi ba me ya kai ta karanta shi? Yaran nan na ɗauki ɗaya mai digiri ya riƙe mini littafi, duk wata sai ya ce mini an ci riba, ni kuma ina kallon kanta tana ramewa.

Malamin Tudun Wada: Hajiya, ki yi haƙuri, za mu zo kan kantarki, don maganarki tana cikin manhajar, ba a dai kai wurin ba. Tambayar aji ɗaya da gangan ake share mata ƙura, a ce duk abin da aka yi an sayar, farashi bai canza ba, don ɗalibi ya ga ƙashin abin. Burodin da ya kwana kuwa yana shiga lissafi cikin sauƙi. In cikin kowane goma ɗaya ke lalacewa, to 7,000 aka kashe aka sayar da tara, kowane wanda aka sayar ya ci kusan 778. Dizal kuma rabinsa tsayayye ne rabinsa na bin yawan aiki, irinsa akwai babinsa daban.

'Yar Aji Ɗaya: Na gode ƙwarai. Ta biyu ita ce ta fi rikita mu. An sayi kaya 40,000 an sayar 50,000, an ce a nemo ribar kashi nawa ce cikin ɗari. Rabin aji sun ce 25, rabi sun ce 20, har an kusa faɗa a bayan ɗakin lakca.

Akantan Kongo: Duka biyun daidai ne, tambayarsu ce daban. Ribar 10,000 ce, ba gardama. In kin auna ta da kuɗin sari, 10,000 cikin 40,000, kashi 25. In kin auna ta da kuɗin da aka sayar, 10,000 cikin 50,000, kashi 20. Koma ki karanta tambayar da kyau: an ce a kan kuɗin saye, ko a kan ciniki? In ba a faɗa ba, rubuta duka biyun ki sa wa kowace suna. A lissafin sakandare, irin na WAEC da NECO, yawanci a kan kuɗin saye ake nufi. A kwas ɗin akanta, idan ana maganar ribar kamfani daga littafinsa, a kan ciniki ake aunawa.

Ɗan Gyallesu: Irin tarkon nan yana cikin harajin VAT ma, wanda ake ɗorawa a kan kuɗin kaya. A ce maka kaya 21,500 har da haraji, nawa ne harajin? Sai mutum ya buga kashi 7.5 na 21,500 ya kawo 1,612.50. Alhali harajin a kan asalin kuɗin aka ɗora. Raba da 1.075, asali 20,000, haraji 1,500. Kuma a kula, tsofaffin littattafan da ke laburare kashi 5 suke amfani da shi, tun Fabrairun 2020 aka mayar da shi 7.5.

Malamin Tudun Wada: Ka ga ashe ka iya bayani, ƙiwa ce kawai.

Mai Masaran Giwa: Salamu alaikum. Ni yanzu na shigo, na ga ana maganar 40 da 50. Malamai ku taya ni. A ce na sayi buhun masara 40,000 da kaka, na ajiye, na sayar 50,000 bayan wata shida. Ku a takarda kun ba ni kashi 25. To buhun da aka zuba ta ni na saya. 'Yan dako sun ɗora sun sauke. Mota daga Giwa zuwa Zariya. La'adar dillali. Hayar sito. Maganin ƙwari. Ga masarar kaka da ɗanyenta take zuwa, in ta bushe buhu ya sassauta sai ka cike da tiya ɗaya ko biyu. Kafin ka ankara goman nan ta koma huɗu.

Akantan Kongo: Alhaji, takarda ba ta musa maka ba. Ƙa'idar akanta ita ce duk abin da ka kashe har kaya suka iso inda za a sayar, cikin kuɗin kayan yake. Buhunka ba 40,000 ba ne, in dako da mota da buhu da la'ada sun ci 3,000, to 43,000 ne. Sito da magani kuma a cire su daga ribar. Shi ya sa ake da riba biyu a littafi, ta farko wadda ba a tace ba, da ta ƙarshe bayan an fitar da duk ɗawainiya. Ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki, su sa kuɗin ɗauko kaya da kuɗin kai wa mai saye a wuri ɗaya. Na ɗaukowa yana hawa kan kuɗin sari, na kaiwa yana cikin ɗawainiya.

Hajiyar Sabon Gari: Har yanzu ba ku zo kan tawa ba. Na sari katan 40, na sayar 50, babu dako babu sito, a ƙofar shago aka sauke mini. Na koma sari aka ce mini yanzu 52. Yaron nan ya rubuta riba 10. Ni kuma da katan ɗaya na fara, yanzu kuɗin hannuna ba za su sayi katan ɗaya ba. Ina ribar? Abin da ya cinye shaguna da yawa a layinmu ke nan daga 2023 zuwa 2024, kana ciniki kana murna, uwar kuɗi tana narkewa.

Malamin Tudun Wada: Yauwa, nan nake jira. Yaronki bai yi ƙarya ba, ke ma ba ki yi ba. Akanta yana rubuta kaya a kan kuɗin da aka saye su, saboda shi ke da rasit, shi za a iya nuna wa mai binciken littafi da mai karɓar haraji. Mai ilimin tattalin arziki kuwa tambayarsa daban: bayan cinikin nan, me kuɗinki za su iya saya? A ƙasar da farashi ke tafiya a hankali amsoshin biyu kusan ɗaya ne, shi ya sa littattafan da aka rubuta a Ingila da Amurka ba su cika damuwa ba. Mu kuwa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. A irin wannan shekarar, duk wanda jarinsa bai ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku ba, baya ya ci, ko littafi ya ce me.

Kuma akwai na biyu da yaron bai rubuta ba. Zaman da kike yi a shago daga safe zuwa magariba, nawa aka biya ki? In shagon naki ne, da kin ba da shi haya nawa za ki karɓa? Wannan duk kuɗi ne da kika bari don ki yi wannan sana'ar. 'Yata, ki riƙe wannan, a kwas ɗin tattalin arziki za a tambaye ki bambancin ribar akanta da ribar mai tattali. Misali: shago ya bar 150,000 a wata. Mai shi da zai samu aikin 80,000, shagon kuma da zai kawo hayar 30,000. Akanta ya ce 150,000, mai tattali ya ce 40,000.

Hajiyar Sabon Gari: To ashe akwai masu hankali a cikinku. Wannan na biyun shi ya kamata a fara koya musu.

Ustazun Ƙofar Doka: Hajiya, malamanmu ma da ke suke. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, idan shekara ta zagayo, yana yi wa kayan shagonsa kuɗi ne a kan farashin ranar, ba a kan yadda ya saro ba, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa, ya fitar da zakkar ɗaya cikin arba'in, wato kashi 2.5.

'Yar Aji Ɗaya: Allah ya gafarta Malam, tunda ka zo, ta uku ta kuɗin ruwa ce, ni har ina jin nauyin yin ta. An ajiye 200,000 a banki shekara 3 a kan kashi 10. A nemo abin da za ta zama in ruwan bai haihu ba, da in ruwa yana hawa kan ruwa.

Ɗan Gyallesu: Bari in gyara halina. Na farko: kashi 10 na 200,000 shi ne 20,000, kowace shekara haka, sau uku 60,000, jimla 260,000. Na biyu: ƙarshen shekarar farko 220,000. Shekara ta biyu kashi 10 na 220,000 za a ɗauka, ta zama 242,000. Ta uku 266,200. A taƙaice 200,000 sau 1.1 sau 1.1 sau 1.1. Bambanci 6,200. Ki kula kawai in an ce ana lissafawa duk wata shida, sai ki raba kashin biyu ki ninka lokutan biyu, kashi 5 sau shida.

Ustazun Ƙofar Doka: Riba, wato kuɗin ruwa, haramun ce, wannan babu ja. Amma sanin lissafinta ba cin ta ba ne, 'yata, yi jingarki. Wanda bai san yadda take hawa ba shi aka fi yi wa ɗaurin goro da ita. Kuma yanzu akwai mafita, bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, wasu sun biyo baya, gwamnatin tarayya ma ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 aka yi tituna da shi. A murabaha banki ne zai sayi kayan ya mallaka, ya sayar maka da ribar da kuka sani tun farko, kuɗin ba ya ƙaruwa bayan an ƙulla.

Akantan Kongo: Allah ya gafarta Malam, ban taɓa hukuncin ba, wannan fagenku ne. Amma ko a murabaha lissafin nan bai bar mutum ba. A ce an sayo maka injin niƙa miliyan 1, an sayar maka miliyan 1 da 200,000, ka biya 100,000 duk wata har shekara. Kowa zai ce kashi 20. To amma ba ka riƙe miliyan ɗin shekara guda ba, tun watan farko ka fara mayarwa, in aka daidaita kusan rabinsa ne kawai ya zauna a hannunka. In ka auna da haka, tsadarsa ta kai kusan kashi 35 a shekara. Halal ne, amma injin sai ya yi aikin da zai fitar da wannan. Masu ba da bashin waya da na ƙananan bankuna da wannan dabarar suke cin mutane, su ce kashi 5 kacal, ba su ƙarasa cewa a wata ba.

Ustazun Ƙofar Doka: Ban ƙi ba. Halaccin ciniki daban, arahar sa daban. Sai dai kada a fita da cewa duk ɗaya ne. A ɗaya kaya aka sayar, mai sayarwa ya ɗauki kasadar mallakarsa kafin ya miƙa, in ka makara ba a ninka maka. A ɗayan kuɗi ne ke haifar kuɗi.

Mai Masaran Giwa: Wai 266,200 ɗin nan ma, bayan shekara uku buhu nawa za ta saya?

Malamin Tudun Wada: Alhaji ya yi tambayar aji biyu. In banki na ba da kashi 10 farashi na tashi da kashi 30, raba 1.10 da 1.30, za ka samu 0.846. Kowace shekara kuɗin na rasa kusan kashi 15 na ƙarfinsu. Masu gaggawa su ce 10 a cire 30, saura 20 a ƙasa. Wannan gajeriyar hanyar tana aiki ne idan lambobin ƙanana ne, a namu sai an raba.

'Yar Aji Ɗaya: Saura ɗaya wallahi, kada ku gaji da ni. Farashi ya tashi daga 500 zuwa 600, abin da ake saye ya sauka daga 100 zuwa 70. A nemo yadda buƙata ke jin motsin farashi, a faɗi ko mai kayan ya yi dabara.

Akantan Kongo: Wannan ke za ki yi. Farashi ya tashi da kashi nawa, saye ya sauka da kashi nawa?

'Yar Aji Ɗaya: Farashi kashi 20. Saye kashi 30. In na raba 30 da 20, 1.5. Ya wuce ɗaya, wato masu saye sun gudu fiye da yadda farashin ya tashi. Ciniki da 50,000 ne, yanzu 600 sau 70, 42,000. Bai yi dabara ba. Yaya, alamar cirewa fa, in sa ta?

Akantan Kongo: Madalla. Sa ta, ki rubuta a gefe cewa girman lambar ake kallo. Amma duba littafin lakcarku, wasu da tsakiyar lambobin suke rabawa, 30 cikin 85 da 100 cikin 550, amsa ta fito kusan 1.94. In haka ya koyar, kika kawo 1.5, zai soke.

Ɗan Gyallesu: Akasinsa fetur. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa wajen 500. An ajiye motoci, an koma hawa Keke daga Kwangila zuwa PZ, amma shan mai bai faɗi daidai da tashin kuɗin ba, don ba shi da madadi a kusa.

Malamin Tudun Wada: Kuma kada ki haɗa wannan da tambayar da za a ce farashi ya tashi saboda kaya sun yi ƙaranci. A 2016 da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a jihar nan, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, ba son tumatir ne ya ƙaru ba. A zanen farashi da yawan kaya, layin masu kawo kaya ne ya matsa baya, masu saye suka hau sama a kan layinsu na da. In kin zana, layi ɗaya kawai za ki matsar.

Hajiyar Sabon Gari: Ai lokacin kowa ya koma kauɗa da na gwangwani. Malam, mu koma kan albashina. Da ka ce 80,000, wa zai ɗauke ni aiki a shekaruna? In babu mai ɗauka ta, ke nan zamana a shago kyauta ne?

Malamin Tudun Wada: A ƙa'ida, abin da za ki samu a wani wurin shi ake sawa. In babu, to ƙasa yake.

Akantan Kongo: Ni a nan na saɓa da Malam. Hajiya ta sa abin da za ta biya wanda zai zauna mata ya riƙe shagon yadda take riƙewa. Ranar da ta tafi Umara ai sai ta biya wani.

Hajiyar Sabon Gari: Wanda zai riƙe yadda nake riƙewa sai dai mutum biyu, ɗaya na ciniki ɗaya na sa masa ido. Ku lissafa mini da albashin biyu, gobe in na buɗe shago zan turo muku cinikin watan jiya.